Yadda Mushe Ya Wuni Gadin Mushe

Bari in fara da warware wani ƙulli saboda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka. A nan Nijar malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe ake ce masa. Kalmar Faransawa ce bakin Bahaushe ya tauna ya tofar da ita a haka. A baki akwai ɗan bambanci tsakaninta da mushen da kuka sani, ɗaya ana jan wasalinsa, ɗaya ba a ja, amma a rubuce, ko a waya idan rezo ya yi rauni, ko a kunnen tsoho, Allah kaɗai ke raba su. Shekara 17 ina amsa wannan suna a garin Tawa bai taɓa damuna ba, sai bazarar da ta wuce.

Wata Laraba ce, ina koya wa ƴan aji shida darasin wa ke cin wa. Na zana ciyawa a allo, na zana akuya, na zana kura wadda yara suka ce ta fi kama da tebur. Na ce to idan akuya ta mutu a daji ba kowa kusa, wa ke kwashe ta? Shiru. Na ce ungulu mana. Akwai wani yaro a layin gaba, ɗan mitsitsi, kunnuwa kamar faifai, wanda a zuciyata nake kira Sarkin Tambaya. Ya ɗaga hannu.

"Mushe, ina ake ganin ungulu?"

Na ɗauka rainin wayo ne. Na ce duk wanda ya taɓa ganin ungulu da idonsa ya ɗaga hannu. Cikin yara 63, uku suka ɗaga. Ɗaya a wayar yayansa ya gani. Ɗaya da na matsa masa sai ya bayyana zabo yake nufi. Ta ukun ta ce ita dama izinin fita take nema.

Jikina ya yi sanyi. Ni da na tashi ina ganin ungulaye jere bisa rumfunan mahauta ranar kasuwar Lahadi, sun sunkuyar da kai kamar masu jiran a raba sadaka, mahauci ya wurga guntun hanji su sauko suna ƴar tafiyar nan tasu ta mai ciwon baya. Jifarsu muke yi, ko kallo ba mu ishe su ba. Yaushe suka bar garin ban sani ba, tunda ba wanda ya yi musu rakiya. Maimakon in yi shiru in ci gaba da darasi, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ranar Litinin zan kawo musu hoton ungulu wanda na ɗauka da hannuna. Sarkin Tambaya ya rubuta a littafinsa. Har da kwanan wata.

Alhamis na leƙa mahauta. Hankaki, shirwa, karnuka, ƙudaje. Na tambayi wani mahauci, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Mushe, in ka gan ta ka gaishe min da ita." Juma'a da yamma ina dawowa daga gaisuwar rasuwa a Badagishiri bisa motona, wato babur, tunanin Litinin ya hana ni sakat, sai ga jaki kwance gefen kwalta, ƙafa huɗu a miƙe. Da gani kamyo ne ya yi aikin, irin waɗannan masu lodin albasa da ke wucewa kamar an biyo su. Allah ya yafe mini, daga gidan makoki nake amma sai da na yi murmushi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Asabar bayan sallar asuba na haɗa kayana: gorar ruwa, cuku biyu, garin rogo da sukari a baƙar leda, da wani tsohon bargo mai launin ƙasa don sajewa da wuri. Uwargida tana hura wuta ta ce, "Malam, ina zuwa da sassafen nan ranar da ba aiki?"

Na ce, "Wajen mushe za ni."

Ta ce, "To, a gaishe shi da iyali."

Na buɗe baki zan gyara, na ga bayanin zai yi tsawo, na ce zai ji.

Na isa rana ba ta gama fitowa ba. Abin da na fara tararwa ya ba ni mamaki: mushen ya zama biyu. Wani kare ya zo cin rabonsa cikin dare, shi ma mota ta bi ta kansa, ga shi nan tsakiyar kwalta shimfiɗe kamar buzun salla. Haka titi yake yi, ya yanka, ya gayyato masu ci, ya yanka masu cin. Na kwantar da moto a ƙasa bayan wani kurmin tumfafiya don kada ƙyallinsa ya kori tsuntsaye. Ku riƙe wannan, zai dawo. Na samu gindin wata aduwa kamar taku 30 daga jakin, na kwanta rub da ciki, na lulluɓa da bargo har ka, na bar ido da waya kawai a waje.

Abu biyu ban lissafa ba. Na farko ƙarangiya, wadda ta karɓe ni hannu bibbiyu. Na biyu iska. Na zaɓi wurin da inuwa take, ashe nan ne iska ke kai saƙo. Jakin da ya kwana ɗaya a watan Afrilu, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40, ba ya ɓoye sirrinsa.

Duk da haka, kallon ya yi daɗi, in faɗi gaskiya. Ƙudaje su ne limaman wurin, koraye masu sheƙi, sun riga kowa. Su ba sa jira, dabba na faɗuwa cikin mintuna suke isowa su zuba ƙwai a ido da hanci da bakin rauni, kuma a irin wannan zafi kafin kwana ɗaya ƙwan ya zama tsutsa. Sai hankaki biyu suka sauka da farar rigarsu kamar ƴan biki. Hankaka ba ya faɗa wa abinci kai tsaye. Sai ya zagaya, ya karkata kai, ya matso, ya yi tsalle baya kamar jakin zai tashi ya hau shi da shuri, ya sake matsowa. Bakinsa ba ya iya huda fatar jaki, saboda haka wurare masu taushi yake nema: ido, harshe, da inda kamyo ya riga ya buɗe masa ƙofa. Ɗayan kuma ya raina jakin, ya koma kan karen da ke kwalta. Abin da ya burge ni, yana ci yana sauraren hanya. Mota na tahowa sai ya bari ta kusa, ya yi ɗan tsalle zuwa gefe, ta wuce, ya dawo kan aikinsa. Da marigayi karen ya yi karatu wajensa da yanzu yana gida.

Shirwa ita ko sauka ba ta yi. Ta yi ta shawagi da wutsiyarta mai baki biyu, ta kawo sura, ta ɗauke guntu da ƙafa, ta ci abinta a sama. Wajen hantsi karnukan ƙauye uku suka zo, ramammu, suka kori kowa, babban ya tura kansa cikin jakin har wuya. Na ɗauki hotuna kamar ɗan jarida. Ungulu dai shiru.

Ban damu ba tukuna, domin na san halinta. Ba ta fita da sanyin safiya. Sai ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, sannan ta shimfiɗa fiffike iskar ta ɗauke ta kyauta. Kuma ungulun ƙasashenmu da ido take farauta, hanci ba ya yi mata aikin komai, wanda a wannan safiya na ga babbar ni'ima ce. Daga can sama tana kallon ƙasa, tana kuma kallon ƴan'uwanta da hankaki da shirwa. Ɗaya na sulalowa, ta nesa ta gani ta biyo, ta bayanta ma ta biyo. Shi ya sa da can za ka ga sama fayau, kafin ka gama ɗaura ɗankwali ko naɗa rawani an cika wuri. Na juya rigingine ina leƙen sama ta ƙasan bargo ina tuna babbar yayarta mikiya, wadda aka shaida ta fi kowane tsuntsu nisa a sama: a watan Nuwamban 1973 wata ta yi karo da jirgi a tsayin mita 11,300, a sararin samaniyar Abijan. Na ce a raina, ka ji, ita ma Ba'adara ce irin mutanenmu na Tawa, ta tafi bida Abijan ba ta dawo ba.

Can wajen ƙarfe 11 na hango baƙin abu yana jewa. Gabana ya faɗi. Yana hawa, yana sauka, yana karkata, babu ko kaɗa fiffike, daidai yadda na faɗa wa yara. Na ɗauki hoto ya fi 20, hannuna na rawa. Ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya zo ya maƙale a ƙayar aduwar da nake kwance. Baƙar leda ce.

Daga nan zafi da wari da takaici suka haɗu suka yi mini rubdugu. Na ce bari in ɗan rufe ido.

Salati ne ya tashe ni. Ba na mutum ɗaya ba, na jama'a. Kafin in motsa na ji muryar mace tana cewa, "Wayyo, ɗan mutane! Ga moton can ya hwaɗi, ga jakin, ga shi nan har an ruhe shi." Wani ya ce a kira jandarma. Wani ya ce a fara duba aljihunsa a ga ko ɗan wane gari ne. Motar ƴan kasuwa ce ta tsaya, fasinja sun firfito, kuma ku duba abin da idonsu ya nuna musu: moto kwance, jaki matacce, mutum miƙe sambal lulluɓe da bargo, ƙudaje na bin sa. Ko ni na zo wucewa fatiha zan yi.

Na rasa yadda mamaci ke tashi cikin ladabi. Ina cikin wannan shawara wani ya kama babban ɗan yatsan ƙafata ya girgiza. Na yaye bargo na zauna na ce, "Salamu alaikum."

Ban taɓa sanin tsofaffin mata na da irin wannan gudu ba. Yaron mota ya haye bisa lodi. Wani mai babbar riga ya bar takalmi ɗaya a wurin, kuma har muka rabu bai yarda nasa ba ne. Mutum ɗaya ne bai gusa ba, wani dattijo makiyayi da sanda a kafaɗa, wanda ba ma cikin motar yake ba, tumakinsa ya biyo. Ya dube ni ya ce, "Kai, wa ak kai?"

Na ce, "Baba, Mushe ne."

Ya ce, "Mushen mun gane shi, ga ya can. Kai nika tambaya."

"Ni ɗin ne Mushe, Baba."

Ya juya ga jama'a ya ce, "Kansa ya bugu."

Ana cikin haka sai ga mai jakin, wani magidanci da igiya a hannu, tun jiya yake nema. Ya dubi jakinsa, ya dubi motona, ya dube ni, lissafi ya fita. "Kai kak kashe man jaki!" Na ce bawan Allah, dubi moton nan, ko tunkiya ya buga ni zan kwanta asibiti. Ya ce to in ba ni ba ne, me ya kawo ni gadinsa? Wa ke barin gidansa ya zo ya kwanta kusa da jakin da bai kashe ba? Wallahi tambayar ta yi ma'ana. Direba ne ya cece ni, ya nuna masa sawun tayar kamyo da kumburin jakin, ya ce wannan aikin jiya ne.

Na ɗauka na fita. Sai na yi kuskuren faɗin gaskiya, na ce ungulu nake jira.

Fuskar dattijon ta canza. Ya sauke sandar daga kafaɗa, ya sa bakinta ya ɗago ledar da ke gefena, ya kwance. Farin gari. Ya ce, "To. Ashe ku na." Ya juya yana yi wa mutane bayani cewa irinmu ne suka ƙarar da ungulu a ƙasar nan. Mu samu mushe, mu barbaɗa masa guba, mu ɓoye, tsuntsaye su ci su zube, mu yanke kawuna mu kai wa masu tsibbu a kasuwannin ƙetare. Ya ce ba ungulu kaɗai ke mutuwa ba, har dila da hankaka da karen kiwo, nasa ma ɗaya haka ya tafi.

Abin haushin, gaskiya ya faɗa, ni ne dai ba mai laifin ba. Cinikin kan ungulu don neman sa'a ko magani yana cikin manyan abubuwan da suka cinye ta a Afirka ta Yamma. A 2020 an kashe sama da 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawa an same su ba kai. Tun 2015 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa ungulun gari da mikiya cikin halittun da ke bakin ƙarewa, ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, abin da aka kashe a wuni guda sai a yi shekaru ba a mayar ba. Duk na san wannan, na ma fara zuba shi kamar ina gaban allo. Dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "In ba guba ba ce, ci."

Na ce garin rogo ne, bari in jiƙa. Na ɗauko gora, ashe na kwanta a kanta ta tsiyaye. Haka na tsuguna gaban mutum kusan 20, ga jaki ga kare, iska na kawo gaisuwarsu, na dinga watsa busasshen gari a baki. Ba su ce ya isa ba sai da na ci rabi. Suka tsaya suna kallo ko zan faɗi. Da ban faɗi ba na lura wasu har sun ɗan ji ba daɗi, direba ya yi oda, mota ta tafi.

Muka rage mu uku. Dattijo ya ba ni ruwa daga salkarsa, ya ce in yi haƙuri, ɗana, zamani ne. Muka ja jakin da igiyar mai shi zuwa nesa da kwalta, muka janye karen ma, don ya ce duk abin da ya zo ci a bakin titi ajalinsa ya zo ci. Sai ya zauna ya ba ni darasin da ya fi nawa. Ya ce da can bijimi ma in ya faɗi da hantsi, kafin la'asar mikiya da ungulu sun bar ƙashi da fata. Dare ya yi dila ya zo ya tsince, kura ta zo ta farfasa ƙashin, da safe sai ƙaho da kofato. Yanzu saniya sai ta yi kwana da kwanaki tana ruɓa, karnuka na ja suna kai wa har bakin rijiya. Na ce masa ai cikin ungulu wuta ne, ruwan tumbinta yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke kashe shanu, ta ci cuta ta tsaya a kanta, kare kuwa gida yake kawowa. Na ba shi labarin Indiya, inda maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu kafin a hana shi a 2006, karnuka suka gaje mushen suka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ya jinjina kai ya ce ashe dai ni Mushen ne da gaske.

Rana ta karkata, ina kakkaɓe bargo, dattijo ya kama hannuna ya matse. Bai ce komai ba, da haɓa ya nuna.

Guda biyu. Ban ga saukowarsu ba, kawai na gan su tsaye nesa kaɗan da jakin, kamar baƙin da suka zo gidan biki ba su san kowa ba. Sun fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Baƙi-baƙi, wuya siriri, ɗan gashi mai laushi a ƙeya kamar hular sanyi, baki dogo siriri wanda ba na yaga fata ba ne, na tsintar abin da ya maƙale tsakanin haƙarƙari ne. Ɗaya ta fara takowa da tafiyar nan da ban manta ba, tana ɗingishi ba tare da ciwo ba. Da ta kusa, wani hankaka ya yi mata tsiwa, sai na ga fuskarta ta tashi daga fari-fari ta koma ja, kamar amaryar da aka kira sunan mijinta. Rabona da ganin haka tun ina ɗan aji uku. Mai jakin ma da ke ta ƙunƙuni ya yi tsit.

Na zaro waya a hankali. Caji ya rage kashi 4, hotunan leda sun cinye sauran. Na ɗaga, na saita, na riƙe numfashi.

Wayar ta ɗau ƙara. Ni kuwa irin mutanen nan ne da ke ƙure ƙarar waya saboda hayaniyar aji. Tsuntsayen suka yi ƴan taku biyu, suka buɗe fiffike, na danna hoto ko ta ina, suka tafi. Na amsa, ashe uwargida ce.

"Malam, wai wane Mushen kake wajensa? Na aika gidan na aji biyar an ce ba a gan ka ba. Ga mutane nan cike da zaure, wai wata ta sauko daga motar Badagishiri ta ce ka mutu ka tashi."

Wayar ta mutu kafin in ba da amsa. Dattijo ya dube ni, ya dubi sama, ya saɓa sandarsa ya bi tumakinsa ba sallama. Mai jakin na ba shi jika biyu na jaje, ya karɓa yana cewa shi dai har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta da ni ba.

A gida ba a bar ni na wuce zaure ba. Masu jaje suka yi mini barka daga nesa, hannu a hanci. Uwargida ta turo bokiti da sabulun wanki da ƙafa, bargon kuwa ta ɗauke shi da sanda, ban sake ganinsa ba. Daren nan ita da babbar ƴarmu suka yi ta cire mini ƙarangiya da hasken tocila, kowace ɗaya da tambayarta.

Litinin na shiga aji da waya cike da caji. Na bi layi-layi ina nuna hoton. Rabinsa sama ce, kusurwar ƙasa akwai kofaton jaki, gefe kuma ɗan yatsana, a tsakiya wani baƙin abu a karkace. Yara suka yi ta leƙe cikin ladabi. Na iso kan Sarkin Tambaya. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya buɗa hoton da yatsu, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mini.

"Mushe, wannan ai leda ce."